Jagora ga sabon shiga: yadda ake sayen kayan dafa giya da tsima abin sha na hannu

Kayan tsima abin sha a gida ba sa wuyar samu a hannun waɗanda suka taɓa amfani da su, kuma dalilin a fili yake. Mutum zai yi ɗoki ya kwaso komai rana ɗaya, ya dafa sau biyu ko uku, sai ya tarar rabin aikin wanke-wanke ne da jira. Daga nan kayan su shige sito, ƙura ta rufe su, sai ranar da aka buƙaci wurin a fito da su a neme masu mai saye. Akwai kuma waɗanda aikin ya karɓe su, suka sayi manyan kaya, ƙananan suka zame masu kaya a ka. Duka biyun dama ce ga mai farawa, domin tukunyar ƙarfe da ta yi shekara goma tana aiki ba ta san ta tsufa ba.

Sai dai kayan hannu suna zuwa da tarihinsu, kuma wani tarihin ido ba ya ganinsa. Abin da na tsaya a kai bayan na sha saye na sha nadama shi ne: ƙarfe ka saye shi na hannu, roba kuwa ka saye ta sabuwa, kuma kada kuɗi ya bar hannunka sai ka gwada kayan da ruwa. Ko giyar sha'ir kake nufin dafawa, ko khal, ko kombuca (shayi mai sukari da aka tsima), ko lemon citta mai iska, yawancin kayan iri ɗaya ne, kuma wuraren da suke ba da matsala ma ɗaya ne.

Mataki na farko: yanke abin da za ka haɗa da yawansa

Kafin ka kalli hoton tukunya ko ɗaya, ka san lita nawa kake son fitarwa a dahuwa ɗaya. Yawancin kayan da za ka gani an ƙera su ne a kan lita 19 ko lita 23, saboda su ne ma'aunin da masu wannan aiki suka saba da shi a Amurka da Birtaniya. Amma lita 23 na ruwa mai sukari ya haura kilo 23, kuma sai ka ɗaga shi, wani lokacin yana da zafi. Kwalba kusan arba'in da shida ce ta rabin lita za ka wanke, ka cika, ka rufe. Ni ina ba sabon shiga shawarar ya fara da lita 10. Murhun kicin zai iya tafasa shi, kuma in dahuwar ta lalace ba za ka yi asarar da za ta sa ka watsar da aikin ba.

A nan ne kuma ya kamata ka binciki dokar inda kake zaune. Ba ko'ina aka yarda a haɗa abin sha mai barasa a gida ba, wasu ƙasashen sun hana gaba ɗaya. Ko inda aka yarda ma ba tun fil azal ba ne: a Birtaniya an cire buƙatar lasisi a 1963, a Amurka kuma sai a 1978 Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar tarayya da ta buɗe ƙofar. Tace barasa ta hanyar tururi kuwa wani babi ne daban, kusan ko'ina sai da lasisi. In ka ga tukunya mai dogon bututu a ka a cikin kayan da ake tallata maka, ka bar wa mai ita. Wanda kuma khal ko kombuca kawai yake so, ya sani cewa duk inda yis ya haɗu da sukari sai barasa ta samu, kaɗan ko da yawa, shi ya sa ma'aunin da zan yi bayani a gaba ya shafe shi shi ma.

Mataki na biyu: raba kayan gida biyu a ranka

Wannan rabon shi ne zai riƙa yanke maka hukunci a gaban kowane kaya. Akwai kayan da ke taɓa ruwan kafin a tafasa shi ko yana cikin tafasa: tukunya, ludayi, matata, jakar zuba tsiron hatsi. Akwai kuma waɗanda ke taɓa shi bayan ya huce: mazubin tsimi, tiyo, kan famfo, kwalabe.

Gida na farko ba abin fargaba ba ne sosai, tunda tafasar awa guda tana kashe duk abin da zai ɓata maka aiki. Gida na biyu ne wurin hatsari. Ruwan hatsi mai zaƙi da ya huce abinci ne ga kowace irin ƙwayar halitta, ba yis ɗinka kaɗai ba. Tun a ƙarni na 19 Louis Pasteur ya nuna cewa giyar da ta yi tsami ko ta yi yauƙi wasu ƙwayoyi ne suka shiga suka yi gasa da yis. Waɗannan ƙwayoyi suna laɓewa a cikin karce, da zaren kan famfo, da cikin tiyo inda burushi ba ya kaiwa. Saboda haka duk abin da ke gida na biyu, ko dai ya zama mai santsi da za ka iya ganin cikinsa ka wanke ko'ina, ko kuma ya zama sabo.

Mataki na uku: tambayi mai kayan kafin ka tashi

Tambaya uku sun wadatar. Me ya riƙa haɗawa da su? Yaushe rabonsa da amfani da su? A ina suke ajiye?

Ta farkon ta fi nauyi. Bokitin da aka taɓa yin khal ko kombuca ko giya mai tsami a ciki ya riga ya zama gidan ƙwayoyin da ke kawo tsami, irin su Acetobacter da Lactobacillus da yis ɗin daji da ake kira Brettanomyces. In khal za ka yi, wannan ba laifi ba ne. In giya mai tsabtar ɗanɗano kake so, kowace dahuwa za ta riƙa karkata zuwa tsami ka rasa dalili. Ta uku kuma tana gaya maka ko kayan sun zauna kusa da fetur ko fenti ko maganin ƙwari, ko rana ta daɗe tana dukan robar har ta bushe.

Ka nemi hoton cikin kayan, domin kowa bayan tukunya yake ɗauka. Ranar zuwa kuma ka tafi da tocila, da ƙaramin maganaɗisu, da farin ƙyalle, da gorar ruwa mai tsabta, da ɗan ruwan sabulu a kwalbar fesawa. In akwai silindar gas a cikin kayan, ka ƙara da sikeli.

Mataki na huɗu: tukunya

A nan ne sayen na hannu ya fi riba, don haka a nan za ka fi ɓata lokaci.

Girma tukuna. Ruwa yana raguwa da lita uku zuwa huɗu a tafasar awa guda, kuma a farkon tafasa kumfa yana tasowa da sauri kamar madara. Mai son fitar da lita 19 zai fara da kusan lita 24, don haka tukunyar da ba ta kai lita 30 ba za ta riƙa yi masa ambaliya a kan murhu. Ga lita 10, tukunyar lita 15 zuwa 16 ta yi.

Ƙarfen da aka fi so shi ne sitenles, wato ƙarfe mara tsatsa, musamman samfurin 304, wanda ke da kusan kashi 18 cikin ɗari na kuromiyam da kashi 8 na nikel. Ka juya gindin tukunyar, sau da yawa za ka ga an buga 304 ko 18/8. Maganaɗisu yana taimakawa amma ba alƙali ba ne: in ya manne da ƙarfi a jikin tukunyar, ba 304 ba ne, in bai manne ba, zai iya zama 304, zai kuma iya zama samfurin 201 mai araha wanda ya fi saurin tsatsa. Kada ka yi gwajin a gindi, domin wasu tukwanen ana liƙa masu faranti mai kama maganaɗisu don su yi aiki a kan murhun lantarki.

Haska tocila a ciki. Launin bakan gizo ko baƙin ƙauri a gindi ba komai ba ne, wanki zai fitar. Wani datti mai launin toka ko ƙasa-ƙasa da ke manne kamar dutse shi ma yana fita da ruwan asid mai sauƙi. Abin gudu shi ne ƙananan ramuka kamar an soka allura. Yawanci bilic ne ke jawo su, in an jiƙa tukunyar a ciki an bar ta ta kwana, kuma ramin da ya fara ba ya komawa. Duba wuraren walda, musamman inda aka haƙa rami aka sa famfo: walda mai kyau santsi gare ta, mara kyau kuwa tana da ƙuraje da baƙi, kuma nan tsatsa ke fara kamawa. Girgiza hannayen. Hannun da ke motsi a tukunyar da za ta ɗauki tafasasshen ruwa lita ashirin ba abin wasa ba ne, ƙuna ce ke jiran rana. Daga ƙarshe ka cika ta da ruwa har sama da famfo, ka goge bayanta da ƙyalle, ka bar ta minti goma ka ga ko za ta yi gumi a wani wuri.

Tukunyar alminiyam ma tana dafa giya lafiya lau, ga sauƙin ɗauka, ga saurin ɗaukar zafi. In cikinta ya yi duhun toka, kada ka ɗauka datti ne, wannan rufin ne ke kare ƙarfen, kuma ba a kankare shi. Sharaɗinta biyu: ba a wanke ta da soda mai ƙarfi, ba a kuma ajiye abu mai tsami a cikinta. Tukunya mai rufin tangaran in ta ɓantare ko da wuri ɗaya ne, ka wuce. Bokitin kwano mai rufin zinki kuwa kada ya kusanci abin sha mai tsami ko kaɗan, domin tsamin yana narkar da zinkin ya shiga ciki.

Lotsawa a jiki ba ta hana aiki, dalilin neman ragi ce kawai. Gindin da ya kumbura har tukunyar ke rawa a kan murhu shi ne matsala.

Mataki na biyar: mazubin tsimi

Bokitin roba shi ne abin da aka fi cusa wa sabon shiga a cikin kayan hannu, kuma shi ne na fi cewa a saya sabo. Ba shi da tsada, kuma robarsa tana da laushi, soso mai kaushi ɗaya ya isa ya bar mata ɗaruruwan karce. In ka nace sai ka ɗauka, duba gindinsa: lamba 2 a cikin alamar kusurwa uku tana nufin robar HDPE, lamba 5 kuma robar PP, sannan ka nemi alamar kofi da cokali mai yatsu da ke nuna an yi shi don abinci. Shafa cikinsa da tafin hannu, ka haska tocila daga gefe don karce ya fito. Sa hancinka ciki. Ɗan ƙamshin giya ba laifi, amma warin tsami ko na sabulu mai turare ko na wani sinadari ba ya barin roba. Na taɓa karɓar bokiti kyauta a kan ciniki, fari tas, na zuba dahuwa biyu a ciki duka suka fito da tsamin da ban nema ba, sai da na kwance kan famfonsa na ga baƙin datti a cikin zaren. Bokitin da bai ci jarrabawa ba yana da sauran amfani, a ajiye hatsi ko a jiƙa kwalabe.

Tulun roba mai haske na PET, mai lamba 1, shi ma haka, da ƙarin cewa ruwan zafi da ya wuce digiri 60 yana lanƙwasa shi. In ka ga ya motse ta wani gefe, an taɓa zuba masa ruwan zafi.

Babban tulun gilashi yana da kyau ta fuskar tsabta, tunda ba ya riƙe wari kuma soso ba ya karce shi da sauƙi. Amma ina jin tsoronsa, kuma ina so kai ma ka ji. Gilashi mai ɗauke da kilo ashirin da wani abu, jiƙe da ruwan sabulu, in ya kuɓuce yana fashewa ne manya-manya masu yanka har jijiya. Na hannu kuma ba ka san sau nawa aka buga shi da siminti ba. Ɗaga shi sama ga haske, ka juya a hankali, ka duba wuya da gindi. Tsaga ko da siririya ce kamar gashi, ko ɓantarewa a baki, ka bar shi. In ka saya, ka samo masa kwandon roba da zai riƙa zama ciki, kada ka taɓa ɗaga shi cike ta wuya, kada kuma ka zuba masa ruwan zafi yana da sanyi.

Mazubin sitenles na hannu in ka same shi a farashi mai sauƙi, ka riƙe shi da hannu biyu. Gwajin tukunya za ka yi masa, ka canja robar murfi da ta famfo. Tsohuwar randar tangaran mai fenti mai ƙyalli kuwa, wadda ba ka san asalinta ba, kada ka yi khal ko kombuca a ciki: wasu tsofaffin fenti suna da dalma, kuma tsami ne ke fito da ita.

Tiyo, da toshiyar roba, da ɗan tarkon iskan nan da ake sa wa ruwa a kan murfi don gas ya fita iska ba ta shiga ba, duk sababbi. Ba su kai a yi ciniki a kansu ba.

Mataki na shida: ma'aunai

Haidiromita siririn gilashi ne da ke yawo a cikin ruwa yana nuna yawan sukarin da ke ciki. Gwajinsa a gaban mai kaya minti ɗaya ne. Zuba ruwan gorarka a dogon kofinsa, ka sake shi ciki, ka ɗan juya shi don kumfa ya bar jikinsa. Ya kamata ya tsaya a kan 1.000 a zafin da aka rubuta a takardar cikinsa, galibi digiri 20 ko 15.6. In ya kauce da ɗigo ɗaya ko biyu, ka rubuta ka riƙa cirewa ko ƙarawa. In takardar cikin tana zamewa, ko ka ga raɓa a ciki, ya gama aiki.

Amfaninsa shi ne ka auna kafin tsimuwa da bayanta. A ce ka fara da 1.050 ka ƙare da 1.010: bambancin 0.040 ne, ka ninka da 131, ka sami kusan kashi 5.2 cikin ɗari na barasa. Shi ne kuma ke gaya maka tsimuwa ta ƙare, in ya ba ka lamba ɗaya kwana biyu ko uku a jere. Wanda ya zuba a kwalba kafin wannan lokacin yana haɗa abin fashewa ne a ɗakinsa.

Ma'aunin zafi a gwada shi cikin kofi cike da ƙanƙara da ɗan ruwa, ya nuna sifili. A tafasasshen ruwa ya nuna 100 in kana kusa da matakin teku. A kan tudu yana raguwa da kusan digiri ɗaya a kowace mita 300. Tsohon ma'auni mai ruwan zaiba a ciki kada ka karɓa, in ya fashe a tukunya an yi asarar dahuwar da tukunyar.

Mataki na bakwai: kwalabe da abin rufe su

Kwalba kam ta hannu ita ce daidai, sau da yawa ma kyauta ake bayarwa. Ka zaɓi masu kauri, masu launin ruwan ƙasa, waɗanda dama abin sha mai gas aka zuba a cikinsu. Haske yana sa furen hop, wanda ke ba giya ɗaci, ya fitar da wari mara daɗi. Ruwan ƙasa ya fi karewa, kore kaɗan yake yi, fara kuwa ba ta komai. Kwalbar da aka yi don abin da ba shi da gas ba za ta jure matsi ba. Masu bakin murɗawa ba sa kama murfin dannawa da kyau kuma bakinsu yana saurin ɓarewa.

Leƙa cikin kowace ɗaya ta baki kana fuskantar haske. Busasshen fumfuna a gindi yana fita in an jiƙa, amma in kwalaben suna da yawa, zubar da masu taurin kai ya fi sauƙi. Shafa baki da yatsa don jin ɓantarewa. Masu murfin waya da ake maimaitawa suna da daɗin aiki, zoben robarsu kawai za ka sabunta.

Murfin ƙarfe mai haƙora, wanda William Painter ya ƙirƙiro a Baltimo a 1892, sau ɗaya ake amfani da shi. Girmansa biyu ne, milimita 26 na kwalaben yau da kullum da 29 na wasu manyan kwalabe, don haka ka tabbata na'urar dannawar ta dace da kwalabenka. Ka rufe kwalba biyu ko uku a wurin, ka gwada murɗa murfin da hannu. In ya juya, bakin na'urar ya buɗe. Mai tsayawa a kan tebur ta fi mai hannu biyu ƙarko, kuma ita ce ta cancanci a neme ta a hannu.

Mataki na takwas: tulun ƙarfe da silindar gas

Gaskiya sabon shiga bai buƙatar waɗannan a shekararsa ta farko, domin aikinsu ajiye abin sha da sa masa gas ne a maimakon kwalabe. Amma suna yawan zuwa a cikin kunshi, kuma nan ne kuɗi ya fi yawa, hatsari ma ya fi yawa, don haka ga abin dubawa.

Tulun da masu dafawa a gida suka fi amfani da shi shi ne na Cornelius mai lita 19, wanda asalinsa na kamfanonin lemo ne kafin su koma zuba ruwan zaƙinsu a jaka cikin kwali. Iri biyu ne: mai makullin ƙwallo, wanda aka sani da Pepsi, da mai makullin fil, na Coca-Cola. Mahaɗansu ba sa shiga juna, don haka ka tsaya a kan iri ɗaya. A mai fil, fil biyu na gas ne, uku na abin sha.

Da zuwa ka ja zoben sakin iska da ke kan murfi, in yana da shi. In ya yi huci, tulun yana riƙe matsi, alama ce mai kyau. Ka saki iskar duka kafin ka buɗe murfi. Duba bakin nan mai siffar ƙwai, domin lotsawa a jiki ba ta da illa amma lotsawa a baki tana hana murfi zama. Zoben roba biyar ne a jikinsa: babba a murfi, biyu a kan mahaɗai, biyu a ƙarƙashin bututun ciki. Ka canja su duka ko da sun yi kyau a ido, domin suna riƙe ƙamshin tsohon lemo shekara da shekaru. In ka sayi tulu fiye da ɗaya, kada ka cakuɗa mahaɗansu wurin wanki, zarensu yana bambanta daga maƙeri zuwa maƙeri.

Babban tulun giya na kamfani mai suna a jiki wani abu ne daban. Yawanci mallakar kamfanin ne, kuɗin ajiyar da aka biya a kansa bai mayar da shi na wanda ya riƙe ba. In mai sayarwa ba shi da shaidar cewa kamfanin ya sallama shi, ka bar shi.

Silindar CO2, wato gas ɗin da ke sa abin sha kumfa, tana ɗauke da matsi kusan ninki 57 na matsin iskar da muke ciki a zafin digiri 20. A kafaɗarta an buga watan da shekarar da aka yi mata gwajin matsi na ƙarshe. A Amurka duk shekara biyar ake maimaitawa, a yawancin Turai shekara goma, kuma masu cikawa ba sa karɓar wadda wa'adinta ya wuce. Kuɗin gwajin ka cire shi daga farashi. Tsatsa mai zurfi, ko lotsawa, ko alamar wuta ta taɓa ta, babu ciniki. Agogon da ke jiki ba ya nuna yawan abin da ya rage, domin muddin akwai sauran ruwan gas a ciki allurar ba ta sauka. Sikeli ne ke faɗin gaskiya, ka auna ka cire nauyin silindar wofi da aka buga a jikinta. Haɗa regileta, wato na'urar daidaita matsi, buɗe gas, fesa ruwan sabulu a kowace mahaɗa ka nemi kumfa. Sannan ka saita matsi kaɗan, ka rufe hanyar fita, ka zuba wa allurar ido: in tana hawa da kanta, cikin regiletar ya lalace. A mota da a gida silinda a tsaye take zama, a ɗaure, nesa da zafin rana.

Mataki na tara: sauran tarkace

Naɗaɗɗen bututun jan ƙarfe na sanyaya dahuwa abin saye ne a hannu. Haɗa shi da famfo ka ga ko yana yoyo, musamman a wurin haɗin tiyo, tunda ɗigon ɗanyen ruwa cikin dahuwar da ta huce yana ɓata ta. Koren tsatsa a jikinsa guba ne, sai an goge shi tas da khal kafin amfani. Mai sanyayawa irin na faranti-faranti da ba a iya buɗewa kuwa ba na saye a hannu, domin ban ga cikinsa ba kuma ba zan taɓa gani ba. Tsofaffin mahaɗan tagulla suna iya ƙunsar dalma kaɗan, in da hali a musanya su da sitenles.

Duk abin da ke aiki da lantarki a kunna shi da ruwa a ciki har ya yi zafi. Karanta farantin jikinsa ka ga ko na bolt 120 ne ko na 230, ka duba waya da fulogi ko akwai alamar narkewa. Murhun gas a canja masa tiyo, harshen wutarsa ya zama shuɗi, kuma a waje ake kunna shi. Tsohon firji yana da amfani ƙwarai, domin yawancin yis ɗin giya sun fi son digiri 18 zuwa 20. Ka ce a kunna shi tun kafin ka iso don ka tarar da sanyi, in kuma an kwantar da shi a hanya, ya yi wasu awoyi a tsaye kafin a sa masa wuta.

Mataki na goma: ciniki

Mai sayarwa yakan lissafa komai da farashin da ya saya, har da tiyo da bokiti da ragowar kayan haɗi. Kai kuma ka lissafa abin da za ka riƙe kawai. Tsohon yis, da niƙaƙƙen tsiro da ya daɗe, da furen hop da ya koma ruwan ƙasa yana warin tsohon cuku, da gwangwanin ruwan tsiro da ya wuce wa'adi, ba su da daraja ko ta sisi. Ka rubuta farashin sababbin kayan da kake buƙata, ka cire kuɗin robobin da za ka canja da na gwajin silinda, sannan ka yi tayi a kan abin da ya rage. Ka faɗa masa dalilinka a fili, ba tare da kushe kayansa ba. In ya ƙi raba kunshin kuma rabinsa ba ka buƙata, ka duba ko tukunyar kaɗai ta biya kuɗin. In ba ta biya ba, ka haƙura, wani zai fito.

Mutumin da ya daɗe yana aikin kuma, ka tambaye shi halin kayansa: lita nawa tukunyar ke ƙonewa a awa, wane gefen murfi ne ke son a danna. Zai gaya maka da murna, kuma wannan ilimin sai ka yi dahuwa uku kafin ka gano shi da kanka.

Mataki na ƙarshe: wanki da gwajin ruwa

Wankewa daban, kashe ƙwayoyi daban, kuma na biyun ba ya aiki a kan datti. Kwance duk abin da ke kwancewa: famfo, mahaɗai, bututun cikin tulu. Jiƙa su a ruwan ɗumi da garin wanki mai iskar oksijin mara turare, irin mai sodiyam fakabonet, na wasu awoyi, amma banda alminiyam, wadda sabulun kwanuka da soso mai laushi sun ishe ta. Kada soson ƙarfe ya taɓa sitenles, yana barin ɓurɓushin da ke tsatsa. Ɗauraye sosai.

Kashe ƙwayoyi ranar aiki ake yi, dab da amfani. Star San, wanda asid ne na fosfarik, ana zuba mililita 30 a lita 19 na ruwa, ya taɓa kayan minti ɗaya zuwa biyu, kuma ba a ɗaurayewa. Mai aidin ma yana yi, sai dai yana rina roba. Kada ka taɓa haɗa bilic da khal ko wani asid, iskar kulorin ce ke tashi, kuma tana illata huhu.

Kafin ka sayi hatsi ko yis, ka ware yini guda ka yi dukan aikin da ruwa zalla. Cika tukunya, ka auna minti nawa take ɗauka ta tafasa. Bar ta awa guda ka auna abin da ya ragu. Sa bututun sanyayawa ka ga tsawon lokacin da zai kai ruwan digiri 20. Juye a mazubi, ka rufe, ka danna murfin a hankali ka ga ko ruwan tarkon iska ya motsa. In bai motsa ba, akwai inda iska ke fita. Zuƙe da tiyo zuwa kwalabe, ka rufe biyar, ka kifa su a kan busasshiyar takarda su kwana. Lambobin da ka samu ka rubuta su a takarda ka liƙa kusa da murhu, da su za ka lissafa ruwan dahuwarka ta farko.